Musayar 'yan wasa a NBA: wa ke da ta cewa, kuma wa ke da gaskiya idan rigima ta tashi?

Tambaya: Ni ma'abocin ƙwallon ƙafa ne, ban daɗe da fara kallon ƙwallon kwandon Amurka ba. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, a farkon 2025 na ga Miami ta dakatar da Jimmy Butler har sau uku saboda yana son tafiya, a kwanakin nan kuma Dallas ta ba da Luka Doncic alhali shi bai ce zai tafi ba. Shin ɗan wasa ba shi da bakin magana ne? Idan irin wannan rigima ta tashi, wa ke da gaskiya, ɗan wasa ko shugabannin kulob?

Amsa: Ɗan'uwa, abin da ya ɗaure maka kai shi ke ɗaure wa duk wanda ya taso da kallon Firimiya da Laliga, domin yana auna NBA da mudun ƙwallon ƙafa, mudun kuwa ba ɗaya ba ne. A Turai ko da kulob biyu sun daidaita a kan farashi, ciniki bai faɗa ba sai ɗan wasan ya zauna da sabon kulob an yanke masa albashi ya sa hannu. In ya ƙi, magana ta mutu. A NBA kuwa kwantiragin ɗan wasa shi ne hajar. Kulob biyu su shirya, ofishin gasar ya duba lissafi ya amince, shi ke nan. Takardar ta koma sabon gari da albashinta da shekarun da suka rage mata, mai takardar kuma ya tattara komatsansa ya bi ta. Ba a sayen ɗan wasa da tsabar kuɗi kamar yadda ka saba ji, don kuɗin da doka ta yarda a ɗora a kan ciniki 'yan miliyoyi ne kawai. Abin da ake bayarwa shi ne wasu 'yan wasan, da guraben zaɓen matasan da ke shigowa gasar kowace shekara.

Wannan tsari ba kama-karya ba ne daga masu kulob kaɗai. Yana rubuce cikin yarjejeniyar da ƙungiyar 'yan wasa, NBPA, ke ƙullawa da gasar, wadda ta baya-bayan nan ta fara aiki a Yulin 2023. 'Yan wasa sun yarda da shi ne saboda abin da suka samu a madadinsa: kusan rabin kuɗin shigar gasar nasu ne, kuma yawancin kwantiragi tabbatacce ne, ko ka ji rauni ko wasanka ya lalace sai an biya ka har ƙarshe. Akwai kariya guda ɗaya tak da ke ba babban ɗan wasa cikakken ikon cewa a'a, wato sharaɗin hana musaya. Ba a ma fara maganarsa sai mutum ya yi shekara 8 a gasar, 4 daga ciki a kulob ɗin da zai ba shi, kuma kulob ba ya bayarwa da daɗin rai. A kakar da kake tambaya a kai, cikin 'yan wasa sama da 400, mutum biyu ne ke da shi: LeBron James da Bradley Beal. Ka riƙe sunan Beal, za mu dawo kansa.

To idan doka tana hannun kulob haka, ta ina ɗan wasa ke samun ƙarfin tayar da ƙura? Ta hanyar kalanda. Kwantiragi yana ƙarewa, kuma ranar da ya ƙare ɗan wasa yana iya tafiya inda ya ga dama, kulob bai samu ko sisi ba. Wannan 'yanci ma ba a banza aka same shi ba. Oscar Robertson, yana shugaban ƙungiyar 'yan wasa, ya kai gasar kotu a 1970, aka sasanta a 1976, kuma sai a 1988 aka samu cikakken 'yancin tafiya ba tare da tsohon kulob ya riƙe maka ƙafa ba. Tun daga nan duk tauraron da ya rage masa shekara ɗaya yana da wuƙa a hannu. Ya isa wakilinsa ya raɗa wa shugabanni cewa ba zai sabunta ba. Kulob ya zaɓa: ya ba da shi yanzu ya karɓi wani abu, ko ya jira ya tashi a tutar babu. Wuƙar tana da kaifi biyu ma, domin ɗan wasan yana iya gaya wa sauran kulob 28 cewa duk wanda ya ɗauke shi haya ya yi ta shekara ɗaya, sai kasuwa ta mutu a bar kulob ɗin da yake so shi kaɗai a wurin taya.

Na daɗe ina hana idona barci a kan wannan gasa, wadda wasanninta ke farawa mu nan ƙarfe ɗaya ko biyun dare, kuma abin da na lura shi ne, idan ka tone kowace irin wannan rigima za ka tarar da kwantiragin gaba a ƙarƙashinta. Ana maganar mutunci, ana maganar neman kofi, ana maganar koci bai iya ba, duk akwai ƙamshin gaskiya. Amma ranar da wuta ke kamawa kusan kullum ita ce ranar da ɗan wasa ya nemi a tsawaita masa, kulob ya ce a dakata tukuna.

Ɗauki Butler ɗin da ka ambata. Ya zo Miami a 2019, ya kai su wasan ƙarshe sau biyu, 2020 da 2023, a lokacin da ba wanda ya ba su wannan matsayi. A 2024 ya ji rauni a gwiwa, Boston ta fitar da Miami ba tare da shi ba, sai ya fito yana cewa da yana nan da labari ya sha bamban. Pat Riley, shugaban kulob ɗin, ya mayar masa a gaban 'yan jarida cewa wanda ba ya cikin fili ya kama bakinsa. A zaman nan ne kuma ya nuna ba ya gaggawar tsawaita wa mutumin da ke yawan rashin buga wasa. Butler yana dab da shekara 35, ya san babban kwantiragi ɗaya ya rage masa a rayuwa. Daga nan igiya ta fara tsinkewa. A ƙarshen Disamba Riley ya fitar da sanarwa cewa ba za su ba da Butler ba. Mako guda bayan haka, ranar 2 ga Janairun 2025, bayan Indiana ta doke su, Butler ya ce yana son ya dawo da jin daɗin wasansa, da aka tambaye shi ko zai same shi a Miami ya nuna da wuya. Washegari aka dakatar da shi wasa 7. Ya dawo, jirgin tawaga ya tashi babu shi, aka ƙara masa wasa 2. Ya sake dawowa, aka gaya masa ba zai fara wasa ba, ya fice daga atisaye, aka dakatar da shi sai abin da hali ya yi. Albashinsa na kakar ya kusa dala miliyan 49, don haka dakatarwar farko kaɗai ta ci masa sama da miliyan 2.

Inda yake so shi ne Phoenix, Phoenix ma tana son sa. Amma doka ta ce albashin da kulob zai karɓa sai ya yi daidai da wanda zai fitar, musamman kulob ɗin da ya riga ya zarce iyakar kashe kuɗi irin Phoenix. Mutum ɗaya da albashinsa zai cike gurbin shi ne Beal, Beal kuwa yana da sharaɗin nan na hana musaya wanda ya taho da shi daga Washington. Bai motsa ba, ciniki ya watse. A ƙarshe Golden State ta ɗauki Butler dab da rufe kasuwa a farkon Fabrairu, Andrew Wiggins ya tafi Miami, kuma nan take aka ba Butler shekara biyu a kan sama da dala miliyan 110. Ka ga abin da Riley ya hana shi, shi ya samu. Ya yi asarar 'yan miliyoyi a dakatarwa, ya kwashi ninkin-ba-ninkinsu.

Shin ya kyauta? A ganina bai kyauta wa abokan wasansa ba, waɗanda suka yi wata guda ba su san da wa za su fita fili ba. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma wanda ke karɓar irin wannan albashi bai kamata jirgi ya tashi babu shi ba. Sai dai Riley ma ba zan wanke shi ba. In ka yanke shawarar ba za ka biya mutum ba, lokacin ba da shi shi ne bazarar 2024, sa'ad da farashinsa ke da daraja. Riƙe shi da aka yi, bayan an tsinka shi a bainar jama'a, da fatan zai haƙura ya yi shiru, rashin sanin halin mutum ne. Wannan Butler ɗin shi ne ya hargitsa Minnesota a 2018 har sai da suka miƙa shi Philadelphia. Ba baƙon hali ba ne.

Labarin James Harden ya fi wannan nuna yadda kuɗin gobe ke haddasa faɗan yau. A 2022 ya bar kusan dala miliyan 15 daga abin da yake da haƙƙin karɓa, don Philadelphia ta samu sararin ɗauko wasu 'yan wasa. Shugaban harkokin wasa na kulob ɗin, Daryl Morey, mutuminsa ne tun zamansu a Houston. Da bazarar 2023 ta zo, dogon kwantiragin da Harden ke sa rai bai fito ba. Sai ya karɓi shekararsa ta ƙarshe a kan miliyan 35.6, ya ce a kai shi Clippers ta Los Angeles. Da aka ja ƙafa, yana wata ziyarar talla a ƙasar Sin a watan Agusta ya tsaya gaban jama'a ya kira Morey maƙaryaci, ya maimaita, ya ce ba zai sake zama a inda Morey yake ba. Gasar ta ci shi tarar dala 100,000. Ga mai karɓar miliyan 35, wannan kuɗin shayi ne. Abin da ya fi tsorata shi wani sashe ne na yarjejeniyar, wanda ya ce ɗan wasan da ke shekararsa ta ƙarshe in ya ƙi aiki sama da kwana 30, kulob yana iya hana shi 'yancin tafiya ko bayan kwantiragin ya ƙare. Shi ya sa Harden bai ƙaurace gaba ɗaya ba, yana zuwa yana ɓacewa, har aka gaji aka ba da shi Clippers a ƙarshen Oktoba. Karo na uku ke nan cikin ƙasa da shekara uku da ya tilasta a sauya masa gari: Houston zuwa Brooklyn, Brooklyn zuwa Philadelphia, sannan Los Angeles.

Amma kada ka ɗauka tauraro kullum yana samun yadda yake so. Yawan shekarun da suka rage a takarda shi ke raba gardama. Anthony Davis yana da sauran shekara ɗaya da rabi a New Orleans lokacin da wakilinsa Rich Paul ya fito fili a Janairun 2019 ya ce a ba da shi. An ci Davis tarar dala 50,000, New Orleans ta ƙi motsi har kaka ta ƙare, amma da bazara ta yi sai ga shi a Lakers, inda yake so tun farko, ya kuma ɗauki kofi a 2020. Kevin Durant kuwa ya nemi barin Brooklyn a Yunin 2022 alhali sabon kwantiraginsa na shekara huɗu bai ma fara ba. Har ya ba mai kulob zaɓi tsakaninsa da koci da manaja. Mai kulob ya tsaya bayan mutanensa, ba wanda ya kawo tayin da ya gamsar, Durant ya janye ya koma atisaye. Sai a Fabrairun 2023, bayan Kyrie Irving ya tafi Dallas, aka ba da shi Phoenix cikin ruwan sanyi, Brooklyn ta karɓi Mikal Bridges da Cam Johnson da guraben zaɓen zagayen farko huɗu.

Ben Simmons shi ne ya gwada iyakar abin. Bayan Atlanta ta fitar da Philadelphia a 2021, a wasan da ya samu kwando a buɗe ya miƙa wa wani ƙwallo, koci da babban abokin wasansa suka yi maganganun da ya ɗauka a matsayin ɗora masa laifin faɗuwar. Ya ce ba zai ƙara sa rigar ba, da sauran shekara huɗu a takardarsa. Morey ya ce ko shekara huɗun za a yi ana jira, zai jira. Kulob ya riƙa yanke masa albashi wasa bayan wasa, shi kuma ya ce lafiyar ƙwaƙwalwarsa ba ta ba shi damar buga wasa. Wannan magana ba abin wasa ba ce, kuma ba na cikin masu yanke hukunci a kan abin da ke zuciyar wani. Abin da ya fito fili shi ne, Morey ya jira wata takwas har Harden ya gaji da Brooklyn, aka yi musayar su a Fabrairun 2022. Simmons bai buga ko wasa ɗaya ba a kakar, ya shigar da ƙorafi a kan kusan dala miliyan 20 da aka riƙe masa, aka sasanta a asirce, kuma bai sake komawa ɗan wasan da yake a da ba.

Yanzu juya ɗaya gefen, wanda shi ne rabin tambayarka. Ranar 2 ga Fabrairun 2025, mu nan ana fitowa daga sallar asuba, labari ya fito cewa Dallas ta ba Lakers Luka Doncic ta karɓi Anthony Davis da Max Christie da gurbin zaɓe ɗaya na 2029. Mutane da yawa sun ɗauka an yi wa ɗan jaridar da ya kawo labarin kutse ne. Yaro ɗan shekara 25, wanda watanni takwas kafin nan ya kai su wasan ƙarshe, bai nemi tafiya ba, ba a ma shawarce shi ba. Shi ma Davis, wanda ya taɓa tilasta wa New Orleans, wannan karon da shi aka yi ciniki ba da saninsa ba. Nan ma in ka tona, kuɗin gobe ne. Da bazara Doncic zai cancanci kwantiragi mafi girma da doka ta yarda, kusan dala miliyan 345 a shekara biyar, wanda kulob ɗin da ya raine ka kaɗai ke iya ba ka. Manajan Dallas, Nico Harrison, bai gamsu da zuba wannan kuɗi a kansa ba, rahotanni suka yi ta yawo a kan nauyin jikinsa da yadda yake kula da kansa, shi kuma Harrison ya ce tsaron gida ke cin kofi. Da musayar nan Doncic ya rasa damar wancan kwantiragi, abin da ya sa hannu a kai a Lakers daga baya shekara uku ne a kan miliyan 165. Ba a ci Dallas tarar ko kwabo ba, don ba ta karya doka ba. Hukuncin da ya biyo baya daga magoya baya ya fito, waɗanda suka yi ta ihun a kori Harrison a kowane wasan gida har aka sallame shi a Nuwamban 2025.

Irin wannan ba sabon abu ba ne, kawai dai ba a saba ganin an yi wa mai girman Doncic ba. Clippers ta lallashi Blake Griffin a bazarar 2017 da bikin nuna masa yadda za a rataye rigarsa a rufin filin wasa don karrama shi bayan ya yi ritaya, ya sa hannu a shekara biyar, wata shida bayan haka ya tsinci kansa a Detroit. Isaiah Thomas ya buga wa Boston wasa kwana ɗaya bayan rasuwar ƙanwarsa, ya ci gaba da bugawa da ciwon ƙugu har ya lalace, a bazarar aka ba da shi Cleveland. Harrison Barnes yana zaune a benci ana tsakiyar wasa a 2019 labarin ba da shi Sacramento ya bazu. Shi ya sa idan ka ji 'yan wasa irin su Draymond Green suna cewa ma'auni biyu ake yi, kulob ya ba da kai a ce sana'a ce, kai ka nemi tafiya a ce butulu ne, maganarsu tana da tushe.

Akwai mutumin da ya zauna a kujerar shugabanci ya ga ɓangarorin biyu, kuma namu ne: Masai Ujiri, wanda aka haifa a Ingila ya tashi a Zariya. An ba shi ragamar Denver a 2010, ya tarar Carmelo Anthony ya riga ya sa ƙafa ɗaya a waje. Carmelo New York yake so, kuma yana son a yi musayar kafin tsohuwar yarjejeniya ta ƙare a 2011, don ya sa hannu a kan miliyan 65 kafin dokoki su canza. Ujiri ya gane cewa gaggawar ba tasa ba ce shi kaɗai. Ya yi ta jan zare wata da watanni, yana nuna wa New York cewa New Jersey ma tana taya, har sai da suka zazzage masa Danilo Gallinari da Wilson Chandler da Raymond Felton da Timofey Mozgov da guraben zaɓe. Ɗaya daga cikin guraben nan ne ya zama Jamal Murray a 2016, wanda da shi Denver ta ɗauki kofinta na farko a 2023. A 2013 aka zaɓi Ujiri gwarzon shugaban kulob na shekara. Har yau in ana koyar da yadda ake fita daga hannun tauraron da ya ƙi zama, da wannan ciniki ake misali.

Shi dai wannan Ujiri ne kuma, yana Toronto a 2018, ya ɗauki DeMar DeRozan, wanda ya yi shekara tara a garin ya kuma ƙi sauraron kowa lokacin da yake da 'yancin tafiya, ya miƙa shi San Antonio don ya karɓi Kawhi Leonard. Leonard ya buga wasa 9 kacal a kakar da ta gabata, ya ɓata da San Antonio a kan yadda aka kula da raunin cinyarsa, kuma kowa ya san Los Angeles yake so. DeRozan ya ce an ba shi tabbacin ba za a taɓa shi ba. Ujiri ya fito ya nemi afuwa a kan rashin fahimtar da aka samu. Toronto ta ɗauki kofi a 2019, na farko a tarihinta, Leonard ya tattara ya tafi Clippers bayan 'yan makonni. Ka tambayi mutumin Toronto ko an yi daidai, zai nuna maka kofi. Ka tambayi DeRozan, ya daɗe bai yi wa Ujiri magana ba. Ni dai ban ga yadda za a ce ɗayansu ƙarya yake ba.

Ba kowace rigima ke ƙarewa da rabuwa ba, kuma misalin da na fi so na ɗan Legas ne. A Maris 1992 Hakeem Olajuwon ya ce yana da ciwo a bayan cinya, shugabannin Houston suka ce ƙarya yake, wai yana fakewa ne don a gyara masa kwantiragi, suka dakatar da shi. Ga mutum mai kishin sunansa irin Hakeem, wannan ya fi yanke albashi ciwo. Ya ce a ba da shi, aka yi bazara guda ana neman mai saye, ba a samu tayin da ya kai ba. Sai aka tafi buɗe kaka a Japan, a cikin jirgi shi da mai kulob Charlie Thomas suka zauna suka amayar da abin da ke cikinsu. Aka sabunta masa, ya ɗauko musu kofi a 1994 da 1995. Da a zamanin Twitter abin ya faru, ina shakkar za a kai ga hawa jirgin nan tare. Ko Kareem Abdul-Jabbar, da ya nemi barin Milwaukee a 1974, a ɗaki ya faɗa, maganar ta yi watanni ba ta fita ba, aka kai shi Lakers a 1975 ba tare da an zubar wa juna mutunci ba.

To wa ke da gaskiya? Ni ga yadda nake rarrabewa. Neman tafiya ba laifi ba ne. Mutumin da ake iya tayar da shi da iyalinsa daga gari cikin dare ɗaya yana da haƙƙin ya ce shi ma ga inda yake so. Ƙin ba da shi, ko ba da shi inda ba ya so, shi ma ba laifi ba ne, domin manaja amanar kulob ke wuyansa. Laifin ɗan wasa yana farawa ne ranar da ya ci gaba da karɓar albashi ya daina aiki, ko ya riƙa wasa da rabin zuciya don a gaji da shi. Laifin shugaba kuma yana farawa ranar da ya yi alkawarin baki don a sa hannu ko a rage farashi, sannan ya ce ai ba a rubuta ba, ko ya riƙa sakin maganganun ɓatanci ga 'yan jarida don magoya baya su juya wa ɗan wasa baya kafin a ba da shi. Na farkon ana gani a fili, ana kuma cin tara. Na biyun a ofis ake yin sa, ba kyamara, shi ya sa ɗan wasa ya fi shan zagi.

Ka kuma tuna duk wannan hayaniya ta mutum ashirin ce ko ƙasa da haka. Sauran ɗaruruwan ba mai tambayar ra'ayinsu. Duk lokacin da tauraro ya samu biyan bukata, akwai mutum uku ko huɗu da aka cusa cikin cinikin don lissafin albashi ya daidaita, su cire yara daga makaranta a tsakiyar zango, su nemi gidan haya a garin da ba su zaɓa ba. Ko manya ba su tsira ba. Jrue Holiday ya ce yana son ya ƙare wasansa a Milwaukee, washegari aka sa shi cikin cinikin Damian Lillard.

Cinikin Lillard ɗin ya cancanci a tsaya a kansa, don ya taɓo kusan duk abin da muka faɗa. Shekara 11 ya yi a Portland yana cewa shi ba mai gudu ba ne, har ya zama abin misali in ana maganar riƙon amana. A Yulin 2023, bayan kulob ya zaɓi matashi mai buga gurbinsa maimakon ya nemo masa mataimaka, ya ce a kai shi Miami, Miami kaɗai. Wakilinsa ya riƙa gargaɗin sauran kulob su janye, har gasar ta aika wa kowa takarda cewa duk ɗan wasan da ya nuna ba zai yi aiki a inda aka kai shi ba zai fuskanci hukunci. Lillard yana da shekaru da dama a takarda, don haka Portland ba ta da dalilin gaggawa. Ta yi kusan wata uku, sannan ta ba da shi Milwaukee, wadda ke neman abin da za ta faranta wa tauraronta Giannis Antetokounmpo rai don ya sabunta, ya kuwa sabunta. Holiday ya bi ta Portland ya faɗa Boston, ya ɗauki kofi a 2024. Lillard kuwa jijiyar dunduniyarsa ta tsinke a Afrilun 2025, Milwaukee ta sallame shi a Yuli yana bin ta bashin sama da dala miliyan 110 da za ta riƙa biyansa a hankali cikin shekara biyar. Bayan makonni kaɗan ya koma Portland, garin da 'ya'yansa suke, a kan shekara uku da miliyan 42. Cikin abin da ya tabbatar an rubuta masa a sabuwar takardar har da sharaɗin hana musaya.